Baba na son wasiƙar Sanata, ni kuma ta Malama nake so

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ni 'yar shekara 18 ce daga Zariya. Na gama sakandare bara, kuma alhamdu lillahi sakamakon WAEC ɗina ya yi kyau. Yanzu ina neman gurbin digirin farko a fannin lissafi a jami'o'i shida na Amurka ta shafin Common App, wato shafin intanet da ake neman gurbi a jami'o'in Amurka da yawa da fom ɗaya. Dukansu sun nemi wasiƙar shaida daga makarantarmu da kuma ta malamai. Uku daga ciki sun bar gurbin ƙarin wasiƙa, suka ce ba dole ba ce, sai in mutum ya ga dama.

A kan wannan gurbi muka kasa daidaitawa a gida. Baba yana da abokin da ke da hanya wurin wani sanata, ya ce zai karɓo min wasiƙa mai hatimi, don a ganinsa ita za ta buɗe min ƙofa. Sanatan bai taɓa ganina ba. Ni kuwa shekara biyu ke nan ina koyar da lissafi da yamma a makarantar matan aure ta unguwarmu, kuma Malamar da ke riƙe da makarantar ta san ni ciki da waje. Ita nake so ta rubuta. Baba ya ce wa ya san ta a Amurka, ga shi Turancinta ma ba shi da ƙarfi. Yayana shi kuma cewa ya yi in cike duk gurbin da na gani, don in na bar shi fayau za a ɗauka ba ni da himma, ko ba ni da kowa. Sannan malaminmu na fiziks da na roƙa ya ce ba shi da lokaci, in rubuto da kaina ya sa hannu. Anti kaina ya ɗaure. Ba na son in saɓa wa Baba, ba na kuma son in ɓata damata.

'Yarki daga Zariya.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a wannan sakamako, ya kuma saka miki da alheri a kan matan nan da kike koyarwa. Bari in ba ki amsar tun daga farko don hankalinki ya kwanta: ki nemi wasiƙar Malama, ki haƙura da ta Sanata, kuma kada ki rubuta ko layi ɗaya da sunan malamin fiziks. Abin da ya rage shi ne in gaya miki dalili, da yadda za ki yi hakan ba tare da kin ɓata wa Baba rai ba.

Da Baban zan fara, domin na fahimce shi sarai. A tsarin da ya sani, tun da aka kafa JAMB a 1978, babu mai tambayar malamin aji abin da ya gani game da ɗalibinsa. Maki ne ke magana: na UTME, na tantancewar da jami'a ke yi, da sakamakon WAEC ko NECO. Wasiƙar da akan ji labarinta a wannan harka ita ce 'yar takardar da wani babba ke bayarwa a kai wa wani babba, wato alfarma. To da ya ji an ce wasiƙa, wannan ce ta faɗo masa a rai, kuma babu uban da ba ya son 'yarsa ta zama mai uwa a gindin murhu. Ƙauna ce ta sa shi, kada ki manta da haka in kun zauna magana.

Sai dai suna ne kawai ya zo ɗaya. Abin da jami'o'in Amurka ke nema shaida ce, irin wadda muke nema in za a ba da aure. In wani ya zo neman aurenki gobe, Baba ba zai hau mota ya tafi Abuja ya tambayi sanatan mazaɓar yaron ba. Zai aika a tambayi maƙwabtansa, da waɗanda suke tsayawa sahu ɗaya da shi a masallaci, da wanda ya taɓa ba shi bashi ko ajiya. Ko da mai shayin bakin layi ne, in shi ke ganin yaron safe da yamma, maganarsa ta fi ta mai rawanin da bai san shi ba nauyi. Wannan ma'aunin suke amfani da shi a can. Tambayarsu ita ce: mai wasiƙar nan me ya gani da idonsa, a ina, har tsawon wane lokaci?

Ki kwatanta mutumin da zai karanta takardunki. Harvard kaɗai ta samu masu neman shiga fiye da 54,000 a zagayen 2024. Ba kowace jami'a ke kaiwa haka ba, amma ko'ina mai karatun yana da tulin fayil a gabansa da 'yan mintuna ga kowanne. Ya riga ya ga makinki, ya karanta rubutun da kika yi game da kanki, ya karanta wasiƙar makaranta da ta malamai. Sai ya buɗe ta ƙarshe ya tarar da tambarin majalisa da layi shida: yarinya ce mai ladabi, mai hazaƙa, 'yar gidan mutunci, ina roƙon a ba ta gurbi. Bai ƙaru da komai ba. Nan take zai gane marubucin bai san ki ba, domin wanda ya san mutum ba ya rasa labari guda da zai bayar a kansa. In kin yi sa'a ya wuce ta kamar bai gani ba. In ba ki yi sa'a ba ya ɗarsa a ransa cewa kin fi dogara da wa kika sani a kan abin da kika yi, alhali ke kina da abin yi na gaske da za a nuna.

Sai maganar yayanki. Ki ɗauki wasiƙun nan kamar farilla da nafila. Ta makaranta da ta malamai su ne farilla, babu su takardunki ba su cika ba. Ƙarin wasiƙar nafila ce, wanda ya bar ta ba shi da laifi. Kuma jami'o'in ba su da baki ɗaya a kanta, shi ya sa shawarar a cike komai take da haɗari. Jami'ar California, mai rassa tara masu karɓar ɗaliban digirin farko, ciki har da Berkeley da UCLA, ba ta ma karɓar wasiƙar shaida a lokacin da ake miƙa takardu, sai dai in wani reshe ya bi ɗalibi daga baya ya nema. Stanford tana son wasiƙun malamai biyu, ta kuma yarda da ƙarin guda ɗaya tak. Jami'ar Texas da ke Austin ta bar wa ɗalibi zaɓi ya aika har biyu ko ya ƙi aikawa. MIT, wadda ba ta amfani da Common App, ta ƙayyade cewa ɗaya ta fito daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗaya kuma daga malamin harshe ko tarihi da makamantansu. Dartmouth har ƙarfafa ɗalibi take yi ya kawo wasiƙar tsaransa, aboki ko ɗan'uwa. Ki tsaya a kan wannan ta ƙarshe ki yi tunani: jami'ar da ke cikin manyan jami'o'in Amurka tana neman shaidar yarinya sa'arki, wadda ba ta da ofis ba ta da hatimi, don kawai ta zauna da ke. In Ingila ce kuma, ta hanyar UCAS, wato hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta a can, shaida ɗaya ake bayarwa daga makaranta, babu wani gurbin ƙari. Saboda haka ki buɗe shafin kowace jami'a daga cikin shidan nan, ki karanta abin da ta ce da bakinta. Ukun da ba su buɗe gurbi ba, kada ki tura musu komai ta imel ko ta wata kafa. Bin ƙa'ida ma wani abu ne da suke lura da shi.

To me ya sa na ce ki aika ta Malama, tun da nafila ce? Saboda akwai abin da ita kaɗai za ta iya faɗa. Malaman makaranta za su ce kin iya lissafi, WAEC ma ta faɗi haka. Amma cewa kin ɗauki shekara biyu kina zuwa da yamma, ba albashi, kina zaunar da matan da suka haife ki kina koya musu tarawa da ɗebewa ba tare da kin kunyata kowa ba, wannan babu shi a takardar maki. A jerin ayyukan da za ki cike a Common App layi biyu kawai zai samu, kuma daga bakinki zai fito. In ya fito daga bakin wadda ta tsaya a kanki tana kallo, ya zama shaida.

Na daɗe ina koyarwa, na kuma rubuta irin waɗannan wasiƙu da dama. A farkon aikina nakan cika su da yabo: mai ƙwazo, mai biyayya, mai riƙon amana. Daga baya na gane cewa in na goge sunan ɗalibin na sa na wani, babu abin da zai canja a takardar, kuma wasiƙar da ta dace da kowa ba ta amfani kowa ba. Tun daga nan na koma ba da labari. Wannan nake so ki roƙi Malama ta yi. Ta fara da yadda ta san ki da tun yaushe. Ta faɗi mata nawa ne a ajin, sau nawa kike zuwa a mako, nawa suka ɗore. Sannan ta zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka faru a gabanta ta ba da labarinsu dalla-dalla. Wataƙila akwai mai sayar da awara da a da 'ya'yanta ke yi mata lissafin ciniki, yanzu ita ke riƙe da littafinta. Wataƙila akwai ranar da darasi ya ƙi shiga, kika ajiye allo kika kawo kuɗin adashe ko mudun masara a matsayin misali. Ko lokacin jarrabawarki ta WAEC da aka zaci za ki daina zuwa, sai kika rage kwanaki amma ba ki yanke ba. Ke da ita kun fi ni sanin abin da ya faru, ni dai misali nake bayarwa. Kuma in akwai inda kika yi tuntuɓe kika gyara, misali da farko kina sauri har matan suka yi ƙorafi sannan kika koyi sassautawa, ta faɗa. Irin wannan ne ke sa a gaskata sauran. Shafi ɗaya ya isa.

Batun Turancinta kada ya dame ki ko kaɗan. Ba ita ke neman gurbi ba, ba kuma maki za a ba ta ba. Turanci mai sauƙi, gajerun jimloli, in dai gaskiya ce a ciki, yana isar da saƙo. In ta fi sakewa da Hausa, ki aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in uku saƙo ki tambaye su ko za su karɓi wasiƙar Hausa haɗe da fassarar Turanci, da kuma irin mai fassarar da suka yarda da shi. Abin da ba zan so ba shi ne ke ki zama mai fassarar, ko a kai wa wani gwanin Turanci ya sake ta har muryar Malama ta ɓace. A gyara kuskuren rubutu, a bar mata maganarta.

Ga yadda abin ke tafiya a shafin, don ki yi mata bayani. Ba ke za ki ɗora wasiƙar ba. Za ki sa sunanta da adireshin imel ɗinta a sashen masu shaidar da ba malaman makaranta ba, saƙon gayyata ya je mata, ta buɗe nata asusun ta ɗora da kanta. Dole imel ɗin ya zama nata, wanda take buɗewa. In ba ta saba da kwamfuta ba, ɗanta ko wata malama ta taimaka mata, ke dai ki tsaya gefe. Ta sa lambar wayarta da sunan makarantar a ƙasa, in suna da takarda mai tambari ta yi amfani da ita. Kuma tun da wasiƙa ɗayar ce za ta tafi duk jami'o'in da kika haɗa ta da su, kada ta ambaci sunan ko ɗaya a ciki. Na sha ganin wasiƙa mai kyau ta lalace saboda an yabi wata jami'a aka aika wa wata.

Kafin shafin ya bar ki ki gayyaci kowa, zai tambaye ki ko kin yafe haƙƙinki na karanta wasiƙun. Wannan ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1974 da ake kira FERPA, wadda ta ba ɗalibi damar ganin takardunsa bayan ya shiga jami'ar. Ki ce kin yafe. Mai karatu ya fi amincewa da shaidar da aka bayar a bayan idon mai ita, kuma malamai da yawa sun fi sakin jiki in sun san ba za a leƙa ba. In kina tsoron abin da wani zai rubuta a kanki in ba kya gani, to ba shi ya kamata ki roƙa ba tun farko.

Yanzu malamin fiziks, kuma wannan ta fi damuna a kan ta Sanata, domin ita farilla ce. Na san halin da malamai ke ciki, aji cike maƙil, ga tulin takardun gyarawa, ga ɗalibai da yawa kowa na son wasiƙa. Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, kuma abu ne da ya zama ruwan dare. Duk da haka kada ki yi. Ki rubuta yabon kanki wani ya sa hannu kamar shi ya gani, wannan shaidar zur ce ko da duk abin da ke ciki gaskiya ne. Ga shi kuma ana ganewa: mai karatun yana da rubutunki a hannu ɗaya da wasiƙar a ɗaya hannun, salon magana kuwa kamar tafiya yake, ba ya ɓoyuwa. Lokacin miƙa takardu za ki sa hannu cewa duk abin da kika bayar gaskiya ne, kuma jami'a na da ikon janye gurbi in ta gano akasin haka, ko da an riga an ba ki.

Abin da ya halatta, kuma malamai a can ma suna nema, shi ne takardar tuni. Ki rubuta masa shafi guda: shekarun da ya koyar da ke, makin da kika samu a darasinsa, wani gwaji ko aikin aji da kike ganin zai tuna, fannin da kike nema, da ranar rufewa. Ki kai masa da ladabi ki ce ga abin da zai sauƙaƙa masa, amma kalmomin nasa kike so, ko da rabin shafi ne. In data ce matsalar, ki saya masa, babu laifi a nan. In ya sake cewa ba shi da lokaci, ki gode masa ki nemi wani. Tun da lissafi za ki karanta, malamin lissafi na SS2 ko SS3 ma ya fi dacewa, sai ki haɗa da malamin Turanci ko na wani darasin da ake yawan rubutu, don a ga ɓangarorinki biyu. Wasiƙar makaranta kuwa, in ba ku da jami'in ba da shawara, shugaban makaranta ko mataimakinsa na iya cike wannan gurbin. Ƙarfinki ya fi tafiya a nan. Ba a barin farilla a kama nafila.

Mu koma gida. Kada ki tari Baba da cewa bai san tsarin ba, babu uban da zai ji daɗin haka daga bakin 'yarsa. Ki fara da Mama, ko wani kawu da yake jin maganarsa. Sannan ki zaɓi lokacin da ya huta, ki buɗe masa shafin jami'ar ya ga da idonsa inda suka bayyana irin mutumin da suke so ya rubuta. Ki kawo masa misalin binciken aure, zai gane shi nan da nan don ya fi ki sanin sa. In yana son ya ji daga bakin masu abin, ofishin jakadancin Amurka na da cibiyar ba ɗalibai shawara mai suna EducationUSA a Abuja da Legas, ku tambaye su tare. In kuma ya riga ya yi wa abokinsa magana har jin kunya ya shigo ciki, ki bari a karɓo wasiƙar, ku yi godiya yadda ya kamata, a adana ta. Amma kada ki ce masa kin aika alhali ba ki aika ba. Ki gaya masa gaskiya cewa gurbi ɗaya ne, kuma kin sa wadda suka nema.

Akwai kuma wurin da ake bukatar Baba fiye da kowa, ki nuna masa shi. Takardun kuɗi, wato bayanan banki, shaidar abin da yake samu, da fom ɗin neman tallafi irin CSS Profile da jami'o'i da yawa ke nema daga ɗaliban ƙasashen waje, duk sai da shi. Aiki ne mai cin lokaci, kuma kuskure a cikinsa na iya hana tallafi ko da an ba da gurbi. In ya ga yana da nasa kason a tafiyar, zai fi sauƙin sakar miki wannan.

Ki duba kalanda yau. Masu neman shiga da wuri yawanci 1 ga Nuwamba ake rufe musu, sauran kuma farkon Janairu. Ki ba kowane mai rubutu aƙalla mako huɗu, shida ma ya fi, ki kuma tuna musu sau ɗaya in saura kwana goma, don wutar lantarki da intanet ba su da tabbas a ranar ƙarshe. Gobe da yamma in kin je makarantar, ki tsaya bayan an tashi ki yi wa Malama maganar baki da baki, kada ki aika ta waya. Ki tafi mata da rajistar ajin in kuna da ita, za ta taimaka mata wajen tuna kwanaki da adadin matan. Ki gaishe min da ita, ki gaida Baba da Mama.